Daga Dandalin Waƙa Zuwa Kasuwar Tufafi: Sharhi Kan Tasirin Rihanna Bisa Mizanin Sutura

Gabatarwa

A farkon watan Oktoba na shekarar 2020, kamfanin Savage X Fenty, wanda mawaƙiya Rihanna ta kafa a 2018, ya nuna bikin baje kolin kayan ciki na mata ta kafar Amazon Prime Video. A wani sashe na bikin, yayin da masu tallar ke rausaya, aka saka wani kiɗa mai suna "Doom" na wata mai haɗa sauti da ake kira Coucou Chloe. Musulmin da suka kasa kunne suka gane cewa muryar da aka daddatsa aka cusa cikin kiɗan karatun hadisi ne na Manzon Allah (SAW) game da alamomin tashin ƙiyama. Da ƙorafi ya yawaita, Rihanna ta fito ta nemi afuwar Musulmi, ta amsa cewa kuskure ne na sakaci. Mai kiɗan kuma ta ce ta tsinci sautin ne a intanet ba tare da sanin ma'anarsa ba, ta yi alkawarin janye waƙar.

Babu hujjar da za ta sa a ƙaryata su a kan cewa ba da gangan suka yi ba. Sai dai wannan uzurin shi ne ainihin abin nazari. Ta yaya kalmomin Annabi za su ratsa hannun mutane da yawa, daga mai haɗa kiɗa zuwa masu tsara biki zuwa masu tace hoto, ba a sami ko mutum ɗaya da ya tambayi abin da muryar ke faɗa ba? Wannan maƙala ta ɗauki Rihanna a matsayin misali domin duba yadda tauraron waƙa ke ƙirƙirar yayi, da abin da yayin yake yi wa alamomin addini, da kuma mizanin da ya dace ɗalibin ilimi ya auna shi da shi.

Yadda waƙa ke komawa tufafi

An haifi Robyn Rihanna Fenty a tsibirin Barbados a 1988. Sunanta ya game duniya a 2007, lokacin da ta fitar da kundin waƙoƙinta na uku, ta kuma rage gashinta ta rina shi baƙi, ta sauya shiga gaba ɗaya. Tun daga nan kowane kundi yake zuwa da sabuwar kama, har jama'a suka saba da jiran surarta kamar yadda suke jiran muryarta.

A 2014 majalisar masu tsara tufafi ta Amurka ta ba ta lambar gwanar ado. Ta je karɓa cikin wata riga shara-shara da Adam Selman ya ɗinka da duwatsun Swarovski fiye da 200,000, rigar da ba ta rufe komai ba. A 2015 ta halarci bikin Met Gala a birnin New York cikin wata doguwar alkyabba ruwan ɗorawa ta Guo Pei, 'yar ƙasar Sin, wadda ba a san ta sosai a Yammacin duniya ba kafin wannan dare. Rigar farko ta kusa tsiraici, ta biyu kuwa ta yi yalwa har sai da aka riƙa ɗaga mata jelarta a kan matakala. Abin da ya haɗa su shi ne kowacce an yi ta ne domin ido ya kasa wucewa. Ke nan tsiraici hanya ɗaya ce daga hanyoyin wannan sana'a. Jarinta na asali shi ne kallo.

Kallon kuwa yana da farashi. Kamfanin Puma ya ɗauke ta mai ba da fasali a ƙarshen 2014, takalmin da suka fitar tare a 2015 ya ƙare a kasuwa cikin sa'o'i. A 2017 ta buɗe Fenty Beauty na kayan kwalliya tare da rukunin LVMH na Faransa. A 2021 mujallar Forbes ta ƙiyasta dukiyarta da dala biliyan 1.7, mafi yawanta daga kayan kwalliya, shekara biyar bayan fitar kundinta na takwas. Waƙa ta tara mata masoya, masoyan suka zama masu saye. Yarinyar da ba za ta taɓa mallakar alkyabbar Guo Pei ba tana iya sayen jan-baki, ta ji ta sami rabonta daga wannan ɗaukaka.

Abin da adalci ya wajabta a faɗa

Alƙur'ani ya hana ƙiyayya ta kai mumini ga barin adalci, don haka sharhin da ya ɓoye alherin wanda ake suka ya tauye kansa. Fenty Beauty ya fito da man da ake shimfiɗa wa fuska kafin hoda cikin launi 40, a lokacin da manyan kamfanoni suka daɗe suna yi kamar baƙaƙen mata ba su da kuɗin saye. Launukan masu duhu suka riƙa ƙarewa a shaguna, sauran kamfanoni suka bi sahu. A nahiyar da man bilicin ya ɓata fatar mata da yawa, saƙon cewa baƙar fata ba aibi ba ce da za a goge yana da nauyi, kuma ya dace da koyarwar Musulunci cewa saɓanin launuka aya ce daga ayoyin Allah. Kayan sun shigo kasuwannin Afirka a hukumance a 2022, ciki har da Nijeriya da Gana.

Haka kuma tallar farko ta kamfanin ta haɗa da Halima Aden, Musulma 'yar asalin Somaliya da aka haifa a sansanin gudun hijira na Kakuma a Kenya, sanye da hijabinta. Da Halima ta sanar da barin sana'ar tallar tufafi a Nuwamba 2020, ta ware Rihanna da yabo, ta ce ta bar ta ta sa hijabin da ta zo da shi daga gida. Amma dalilin barin nata ya fi yabon muhimmanci. Ta bayyana cewa a tsawon shekarun aikinta hijabin ya yi ta ƙanƙancewa a hannun masu shirya hoto, har aka kai ga ɗora mata wandon jins a ka a madadinsa. An karɓe ta da hijabi, sannan aka mayar da hijabin kayan wasan masu tsara ado. Shaidarta ta fito ne daga cikin gida, kuma ita ce mabuɗin sashe na gaba.

Alama ba tare da ma'ana ba

Lamarin hadisi ba shi ne na farko ba. A Oktoba 2013 Rihanna ta ziyarci Masallacin Shaikh Zayid da ke Abu Dabi, ta rufe jikinta da kanta da baƙaƙen kaya, ta ɗauki hotuna a harabarsa cikin tsayuwa da kishingiɗa irin ta masu talla, ta watsa su a Instagram. Hukumar masallacin ta ce an nemi ta fita saboda hotunan ba su dace da alfarmar wurin ba. Wannan misali yana da daraja ga mai nazarin fiƙihu, domin a zahiri ta rufe abin da ake rufewa. Abin da ya ɓace shi ne manufar rufewar. Lulluɓin ya zama kayan hoto, masallacin ya zama bango mai kyau a bayan mai hoto.

A 2018 ta halarci Met Gala cikin doguwar hula da alkyabba masu kama da na Paparoma, waɗanda John Galliano ya tsara, a shekarar da aka keɓe bikin ga alaƙar ado da cocin Katolika. Fadar Paparoma ta ba da aron wasu kayanta na tarihi ga baje kolin, amma duk da haka Kiristoci da dama sun ga abin a matsayin wasa da addininsu. A Fabrairu 2021 kuma mabiya addinin Hindu suka yi ƙorafi kan wani hotonta da ba riga, tana rataye da sarƙa mai siffar abin bautarsu Ganesha.

Idan aka jera waɗannan, za a ga ba Musulunci kaɗai abin ya shafa ba, kuma ba ƙiyayya ce ke tafiyar da shi ba. Kasuwar yayi tana buƙatar sabon abu kowane lokaci, abin da ya ba da mamaki bara ya zama gama-gari bana. Addinai kuwa rumbu ne na siffofi masu kwarjini da ƙarnoni suka tara. Sai a ɗebo siffar a bar ma'anar: ƙira'a ta koma sauti, hijabi ya koma ƙyalle, hular limamin coci ta koma ado. Wanda ya zagi alama ya san tana nufin wani abu. Wanda ya mayar da ita ado bai ma tsaya tambaya ba. Wannan ita ce amsar tambayar da aka buɗe da ita.

Mizanin Shari'a

Asalin hukuncin tufafi shi ne halacci. Aya ta 26 a Suratul A'araf ta ambaci suturar al'aura, ta ambaci ado a matsayin ni'ima, sannan ta fifita tufafin taƙawa. Baƙuncin tufa ma ba ya haramta ta, domin ya tabbata a hadisin Mugira ɗan Shu'uba cewa Annabi (SAW) ya sa jabba mai ƙuntatattun hannuwa wadda aka kawo daga ƙasar Rumawa. Malikawa sun ba al'ada babban matsayi a wannan babi. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya kawo misalin barin kai ba rawani ga namiji, abin ƙyama ga masu mutunci a Gabas, amma ba haka ba a Magrib. Saboda haka sauyin ɗinki ko launi ko yanka ba shi ne matsala ba, matuƙar an kiyaye al'aura.

Babin da ya fi dacewa da wannan lamari shi ne na tufafin shuhura, wanda Abu Dawud da Ibnu Majah suka ruwaito gargaɗi a kansa daga Ibnu Umar. Malamai sun bayyana cewa shuhura tana samuwa a tufa mai tsada da ta wuce kima, tana kuma samuwa a tsumman da aka sa domin a nuna zuhudu. Illar ita ce neman a nuna mutum da yatsa. Wannan fahimta ta fi zurfi a kan ma'aunin tsawo da gajarta kaɗai, domin ita ce ke iya bayyana yadda rigar 2014 da alkyabbar 2015 da lulluɓin 2013 suka zama abu ɗaya. Tana kuma juyowa kan Musulmi da kansu. Abayar da aka ɗinka domin ta tsayar da taro, da babbar rigar da aka yi wa aiki domin a kashe idon abokan zama, sun shiga babin ko da sun rufe jiki daga sama har ƙasa.

Ibnu Khaldun ya lura a cikin Muƙaddima cewa wanda aka rinjaya yana kwaikwayon wanda ya rinjaye shi a tufafi da ɗabi'u, saboda yana ganin kamala a tare da shi. Misalin Rihanna ya nuna rinjayen ya sauya kama. Ita baƙar mace ce daga ƙaramin tsibiri da ya sha bauta da mulkin mallakar Ingila, ba ta da runduna. Rinjayenta na hoto ne da yawan mabiya, kuma ya fi na takobi saurin shiga zuciya, domin wanda ke kwaikwayo yana jin zaɓinsa ne. A nan ne da'awar "salon kai" take warware kanta: ana gaya wa miliyoyin 'yan mata kowace ta zama ita kaɗai, ta hanyar sayen abu guda daga kamfani guda. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kammalawa

Kuskure biyu ke jiran mai wa'azi a wannan fage. Na farko shi ne ya tattara komai a ƙarƙashin kalmar tsiraici ya yi Allah-wadai ya wuce. Ɗalibar da ke sauraronsa ta san cewa wannan mawaƙiya ta taimaka wajen yawaita kayan kwalliya daidai da launin fatarta, don haka za ta ɗauka malam bai san abin da yake magana a kai ba. Na biyu shi ne ya yi murna duk lokacin da aka ga hijabi a tallar wani babban kamfani, kamar an ci nasara, alhali labarin Halima Aden ya nuna kuɗin da ake biya bayan an shiga.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Buƙatar matashiya ta a ga kyanta a kuma girmama launinta buƙata ce ta gaskiya, kuma Shari'a ba ta ƙaryata ta ba. Idan makaranta da gida ba su koyar da ado a matsayin ni'ima mai iyaka da manufa ba, suka tsaya ga jerin hani, kasuwa za ta koyar da shi da nata sharuɗɗa. Ƙorafin Musulmi a 2020 ya sa an nemi afuwa cikin 'yan kwanaki, wanda ya nuna magana mai hujja tana isa inda ake so. Aikin da ya rage ya fi wannan wuya, domin babu kamfanin da za a aika wa shi: raino ne na ɗalibin da zai tsaya gaban madubi ya tambayi kansa wa yake so ya gan shi, kuma don me.