Mutuwar Tauraron Labari: Ko a Sanar da Mai Karatu Tun Farko?

A watan Disamba na 1893 Arthur Conan Doyle ya hallaka tauraron labaransa Sherlock Holmes a magangarar ruwan Reichenbach da ke Suwizalan. Masu karatun mujallar Strand, inda ake buga labaran, suka tayar da jijiyar wuya, suka yi ta aika masa wasiƙun ƙorafi, kuma a 1903 ya dawo da shi da ransa. Tun kafin nan, tsakanin 1840 da 1841, mutanen Ingila sun roƙi Charles Dickens kada ya kashe yarinya Nell a cikin labarinsa. Bai saurare su ba.

Duka labaran biyu a mujalla aka riƙa sakin su kashi-kashi, kamar yadda marubutanmu na yau ke sakin shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Wanda ya yi wata uku yana kwana yana tashi da tauraro ya riga ya mayar da shi ɗan gida. Ranar da marubuciya ta kashe shi, saƙonni ne za su yi ta shigowa: "Haba Anti, me ya yi miki?" Wata ma ba za ta biya kuɗin littafi ba sai ta ji ko ƙarshensa mai daɗi ne.

Taskar labarai ta intanet mai suna Archive of Our Own ta yi wa abin doka. Marubuci ko dai ya saka alamar cewa babban tauraro zai mutu, ko ya bayyana cewa ya zaɓi yin shiru, kowa ya shiga da saninsa.

Ni dai ban yarda a rubuta a bangon littafi cewa wane zai mutu ba. A duba Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Uwar Umar ta bar gida tana neman ɗanta, ta ratsa hamada, ta faɗa hannun masu bautarwa, ta rame ta lalace. Sun haɗu a ƙarshe, amma ba a jima ba rai ya yi halinsa. Abin da ke riƙe mai karatu a duk tafiyar nan shi ne fatan da yake yi mata. Da an faɗa masa tun shafin farko, da ya zauna zaman makoki alhali matar tana kan hanya, kuma da muguntar cinikin bayi ba ta soke shi yadda marubucin ya so ba.

Ai mu ma muna da hanyar kai labarin rasuwa. Ba a faɗo wa uwa shi tana tsaye a bakin murhu. Sai a ce, "Hajiya, jikin nasa ya matsa, ki ɗauko mayafi mu je." Tana ganin tabarmi a ƙofar gida da takalman maza jere, zuciyarta ta riga ta gaya mata. Gwanin marubuci haka yake yi, a cikin labarin yake shimfiɗa tabarmin. Chinua Achebe ya yi hakan a Things Fall Apart a 1958: dattijo Ezeudu ya zo ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu a kisan Ikemefuna. An sanar da mu, kuma sanin bai rage zafin saran addar da Okonkwo ya kai wa Ikemefuna ba ko kaɗan.

Akwai inda nake sassautawa. Matar da ta binne jaririnta watan jiya, ko wanda ɗan uwansa ya kashe kansa, ba su buɗe littafi don a fama musu gyambo ba. Idan labari zai tsaya ya zayyana irin wannan mutuwa dalla-dalla, layi ɗaya a farko ya isa: akwai mutuwa wurin haihuwa a ciki, akwai kisan kai. Ba sai an ambaci suna ko babi ba. Mai jin ba za ta iya ba sai ta ajiye shi zuwa baɗi, sauran kuma su karanta ba tare da sun san a kan wa abin zai faɗa ba.