Abin da Yaro Ya Gani: Nazari a Kan Zanen Marc Chagall

Wanda ya fara ganin zanen Marc Chagall, wanda ake kiran sunansa Shagal, yakan tsaya da mamaki. Zai ga akuya tana shawagi a sararin sama, da kifi mai fukafukai, da mai goge a tsaye bisa rufin ɗaki, da gidaje a kife. Waɗansu sukan ce mafarki ne kawai, waɗansu kuma su ce mutumin bai iya zane ba. Amma wanda ya bi tarihinsa zai tarar kusan kowane abu a cikin waɗannan hotuna yana da asali a shekarunsa na ƙuruciya. Daga nan ƙarfin aikinsa ya fito, daga nan kuma rauninsa ya fito.

An haifi Shagal a shekara ta 1887, ya girma a Vitebsk, wani gari da yake cikin ƙasar Rasha a lokacin, yanzu kuwa yana cikin Belarus. Kusan rabin mutanen garin Yahudawa ne, iyayensa ma haka. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya tara. Ubansa lebura ne a wurin wani mai cinikin kifi, aikinsa ɗaukar gangunan kifi mai gishiri. Kowace safiya sai ya tafi majami'ar Yahudawa ya yi addu'a kafin ya wuce wurin aiki. Uwarsa kuwa tana da ɗan kanti na kayan masarufi. A gidansu babu zane ko ɗaya a jikin bango, gama Yahudawa masu ibada na wannan wuri suna guje wa siffofi saboda dokar Musa. Sai a makaranta ya ga wani ɗan ajinsu yana zane, abin ya ba shi mamaki ƙwarai. Yaron ya ba shi shawara ya nemi littafi mai hotuna, ya zaɓi wanda yake so ya kwaikwaya. Da haka ya fara.

Wannan yana da muhimmanci. Yaron da ya tashi cikin hotuna yakan koyi yadda ake zana doki tun kafin ya dubi doki da kyau. Shagal kuwa ya cika idonsa da dabbobi da mutane da rufin gidaje shekaru da yawa kafin wani ya koya masa ƙa'ida. Da ya shiga wurin malaminsa na fari, Yehuda Pen, a shekara ta 1906, watanni kaɗan ya yi ya bari. Ya wuce birnin Petersburg, daga can kuma zuwa Paris. Ya koyi dabaru a wurare duka, amma kayan aikinsa ya riga ya zo da su daga gida.

Misali na fari shi ne hoton da ya yi a Paris a shekara ta 1911, mai suna "Ni da Ƙauye". Mutum mai koren fuska da wata dabbar gida suna duban juna ido cikin ido, wani siririn layi ya haɗa idanunsu. A cikin kumatun dabbar ana ganin mace tana tatsar nono. Can sama manomi yana tafiya da lauje a kafaɗa, wata mace tana tsaye kai ƙasa ƙafa sama, gidaje biyu kuma suna a kife. A lokacin masu zanen Paris, irin su Picasso, suna farfasa siffar abu zuwa kusurwa-kusurwa. Shagal ya ari wannan dabara, amma ya yi amfani da ita ya nuna yadda tunani yake aiki. Wanda ya tuna garinsu daga nesa ba ya tuna shi a jere kamar taswira. Abin da ya fi ƙauna shi yakan yi girma, sauran su ƙanƙance, na jiya da na shekaranjiya su hau kan juna.

Dabbobin kuwa ya san su da kyau. Kakansa mahauci ne a wani ƙaramin gari mai suna Liozna, inda yaron yakan je hutu, yana ganin shanun da ake kawowa yanka yana jin tausayinsu. Kawunsa Neuch falken shanu ne, yana kuma kaɗa goge. A shekara ta 1912 Shagal ya zana falken dabbobi a kan keken doki, duƙushi yana bayyane a cikin cikin goɗiya kamar fatarta gilashi ce. Yaron da ya taso a gefen mahauta ya san abin da ke cikin dabba, don haka ya zana shi. Har mutumin da ke bisa rufi yana da asali. A littafin tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a shekara ta 1931, ya ba da labarin wata ranar idi da aka nemi kakansa aka rasa, daga baya aka same shi zaune bisa rufin gida yana cin karas. Kifin da ke tashi sama kuma ba sai an tambaya ba, warinsa ne yake shiga gida tare da ubansa kowane maraice.

Akwai kuma harshen uwa. Iyayensa suna magana da Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai. A wannan harshe, in maroƙi yana bi gida gida, akan ce yana tafiya bisa gidaje. A shekara ta 1914 Shagal ya zana tsoho da sanda da buhu a baya yana tafiya a iska bisa rufin gidajen Vitebsk. Ya ɗauki salon magana ya mai da shi hoto, kamar a ce Bahaushe ya zana mutum zaune da cokali yana cin kasuwa. Baƙo zai ga abin al'ajabi, ɗan gari kuwa zai gane maganar nan take.

Inda wannan gādo ya kai matuƙa shi ne hoton "Farin Gicciye" na shekara ta 1938, shekarar da 'yan Nazi suka ƙone majami'un Yahudawa a Jamus. Yanzu hoton yana birnin Chicago na Amurka. Yesu yana bisa gicciye, abin da ya ɗaura a gindinsa kuwa mayafin addu'a ne na Yahudawa, irin wanda mazan Vitebsk suke yafawa. Alkuki yana ƙarƙashin ƙafafunsa. A gefe ɗaya majami'a tana cin wuta, a ɗaya gefen jirgin ruwa ya cika da masu gudu. Wani ya rungume naɗaɗɗen littafin Attaura yana tserewa, uwa ta ƙanƙame ɗanta, mai buhu a baya yana gudu. Ga kuma gidajen nan a kife, amma yanzu wuta ce take cinsu. Abin da yake wasan tunani a 1911 ya zama gaskiya mai ban tsoro. Shekara uku bayan haka, a 1941, aka karkashe dubban Yahudawan Vitebsk.

Ya kamata mai karatu Kirista ya yi adalci a nan. Shagal bai zama Kirista ba, ya zana Yesu ne a matsayin Bayahude mai shan wuya tare da jama'arsa. Duk da haka ya tuna wa ikilisiya abin da hotunan Turawa suka daɗe suna rufewa, wato Yesu Bayahude ne, ya yi sujada a majami'a, ya kiyaye idin mutanensa. Haka kuma a zane 105 na Littafi Mai Tsarki da ya fara bayan ya ziyarci Falasɗinu a 1931, aka buga su a 1956, Ibrahim da Musa da Irmiya suna kama da tsofaffin unguwarsu, masu gemu da ƙaton hannu da gajiya a fuska. Shi ya sa mai kallo yake gaskata baƙin cikinsu.

Amma hali zanen dutse ne, abin da ya taimaki mutum yakan iya ɗaure shi. Shagal ya bar Rasha a 1922, bai ƙara taka Vitebsk ba, ko da ya ziyarci Mosko a 1973. Matarsa Bella, wadda ita ma 'yar garin ce, ta rasu a 1944. Bayan yaƙi ya yi suna, masu saye suka yi yawa. A yawancin hotunansa na wannan zamani akuya da mai goge da ango da amarya suna ta dawowa, launi ya yi zaƙi, furanni sun yi yawa. A hotunan farko kowace dabba tana ɗauke da wani abu da ya faru. A na baya sau da yawa hannu ne kawai yake maimaita abin da ya saba, kamar mai addu'ar da bakinsa yake tafiya zuciyarsa tana wani wuri. Masu sukarsa a kan wannan suna da gaskiya.

Abin da ya farfaɗo da shi a tsufa sabon aiki ne mai wuya, wato tagogin gilashi masu launi. Ya yi taga goma sha biyu don kabilan Isra'ila a wani asibiti a Urushalima, aka keɓe su a 1962. Ya yi wa coci-coci a Metz da Reims da Zurich. Daga 1978 ya fara tagogi shuɗɗa na cocin Istifanas a Mainz, a ƙasar Jamus ɗin da ta hallaka mutanensa. Gilashi ya tilasta masa ya sāke koyo, ya yi lissafin hasken rana, sai tsofaffin siffofin suka sami sabon nauyi. Yana kan wannan aiki har ya rasu a Faransa a shekara ta 1985, yana da shekara 97.