Likitan da ba ya barin takardar gwaji ta rufe masa ido

Jinin da ya gama zagaya hanji da saifa ba ya komawa zuciya kai tsaye. Sai ya taru a wata babbar jijiya ya bi ta hanta tukuna, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na jinin da hanta ke samu ta nan yake shigowa. Gudan jini kan toshe wannan jijiya, ko waɗanda ke kwaso jini daga hanji, ko masu fitar da shi daga hanta. Na ƙarshen nan shi ake kira ciwon Budd-Chiari, da sunan George Budd na Ingila da ya bayyana shi a 1845 da Hans Chiari da ya yi cikakken bayaninsa a 1899. Majinyaci dai ciwon ciki kawai ya sani. Gano cewa gudan jini ne, nan gwanintar likita take, domin gwajin jini a wannan fanni yana da yaudara.

Ɗauki gwajin D-dimer. Burbushi ne da ke saura a jini idan jiki ya fara narkar da guda. A gudan jinin ƙafa ko na huhu yana da amfani sosai: idan ya fito ƙasa da 500 ga wanda alamunsa ba su yi ƙarfi ba, likita kan iya sakin jiki. A ciki kuwa ba haka ba ne. D-dimer kamar toka yake, tana nuna an yi wuta amma ba ta faɗin ɗakin da ya ƙone. Yana hawa ga mai juna biyu, da tsoho, da wanda aka yi wa tiyata, da mai ciwon daji, da mai tsohon ciwon hanta, kuma su ne dai mutanen da ake zargin gudan ciki a kansu. Idan gudan ya daɗe, gwajin ma yana iya fitowa lafiya lau alhali jijiya a toshe take.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani ke karanta INR, ma'aunin jinkirin daskarewar jini. Hantar da ta lalace ba ta iya sarrafa sinadaran daskarar da jini yadda ya kamata, sai INR ya hau. Sabon hannu zai ce ai jinin wannan ya tsinke, ina zai yi guda? Gwani ya san hantar nan ita ce kuma ke yin sinadaran hana daskarewa, irin su furotin C da furotin S, duk sun ragu tare. Don haka mai INR sama yana iya yin aman jini yau, gobe a ga guda a jijiyar hantarsa. Saboda wannan dalili, ƙarancin furotin C a irin wannan mutum ba ya tabbatar da cewa ciwon gado ne.

Akwai wata yaudarar kuma. Wani lokaci tushen matsalar ɓargo ne da ke haifar da ƙwayoyin jini fiye da kima. Amma saifa ta kumbura tana riƙe su, ruwan jini ya ƙaru, sai ƙidayar ƙwayoyin ta fito daidai. Tun da aka gano sauyin halittar JAK2 a 2005, likitan da ya san aikinsa kan nemi wannan gwaji ko da ƙidaya ba ta nuna komai ba, domin wajen kashi 40 cikin 100 na masu Budd-Chiari ciwon ɓargo ne a bayansa.

To da me yake yanke hukunci? Da hannu da kunne tukuna. Mutum yana murƙususu, amma an danna cikin an ji shi da laushi: wannan saɓani kaɗai ya isa ya ɗaga hankalin gwani. Ba ya zaman jiran sinadarin laktet ya hau, don sau da yawa sai hanji ya fara mutuwa yake hawa. Yana tura shi hoton ciki na Dofla mai nuna gudanar jini, in ya so a bi da siti sikan da allurar rini.

Tambayoyinsa ma na gida ne. A ƙasar Hausa, inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, zai bincika hanta. Idan yaro ne aka kawo da ƙatuwar saifa da aman jini, zai tambayi uwa ko cibiyarsa ta yi ruwa ko mugunya lokacin jego, domin jijiyar cibiya tana haɗe da ta hanta, kuma ciwon cibiya sanannen sanadi ne na toshewar babbar jijiyar da ke shiga hanta a yara.

Mai karatu, idan ciwon ciki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka ce maka gwajin jini bai nuna komai ba, kada ka koma gida da jiƙo. Ka roƙi likita a yi hoton jijiyoyin cikin.