Kowa Ya Bar Gida: Matafiyi da Gidan Gado a Ƙagaggun Labaranmu

A hutun zangon da ya wuce na koma garinmu Yammedi, a ƙasar Ƙaraye, da littattafai huɗu cikin jaka waɗanda aka ce mu sake bi kafin jarrabawar adabi. Na karanta su ne zaune a kan tulin bulo a ƙofar gidan kakanmu, domin zauren da na saba shimfiɗa tabarma a ciki an riga an rushe shi. Baffana, wanda ya shekara 22 yana ɗinki a Jidda, shi ya aiko da kuɗi a gyara gidan, da niyyar in ya gama tattara nasa ya nasa ya dawo ya zauna. Zaman nan da na yi ina karatu magina na aiki a gabana shi ya haifi wannan ɗan sharhi, kuma ina roƙon 'yan'uwa 'yan ƙungiya su yi mini afuwa idan na taɓa littattafan da muka tashi muna girmamawa.

Abin da na lura da shi shi ne, marubutanmu gwanaye ne wajen fitar da mutum daga gida, gwanaye ne kuma wajen yawo da shi uwa duniya, amma da an zo kan dawowa sai alƙalami ya ƙara sauri, a kammala cikin 'yan shafuka, sai ka ce gida wani dutse ne da ke nan yadda aka bar shi.

Mu fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi shekara 15 yana bin gari gari, shi da Malam Zurƙe suna rama wa juna tsiya. Ba mai musun daɗin wannan tafiya. Ni kaina har yanzu in na zo wasu wurare sai na ajiye littafin na yi dariya. To, amma shekara 15 ai damina 15 ke nan, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da damina biyu ko uku ke yi wa soron da ba a yaɓe ba. Wa ya yi ta yaɓen a bayansa? Wa ya ta da katangar da ta zube? Imam bai tsaya a nan ba. A wurinsa gida wurin karɓar lada ne: an fita da alkawari, an dawo da ruwa, marar lafiya ya warke, an sami ɗaukaka, labari ya ƙare.

Ganɗoki na Bello Kagara ya ɗan fi matsowa kusa. Jarumin ya bar ƙasar nan lokacin da Turawa ke cin ta da yaƙi, ya yi gabas, ya faɗa ƙasashen aljanu, ya dawo ya tarar zamani ya juya. A nan aƙalla an yarda cewa abin da ka bari ba ya tsayawa jiranka. Sai dai canjin da Ganɗoki ya gani na ƙasa ne da na mulki, abin da ake gani daga kan doki. Bai sauka ya shiga da mu cikin gida ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne ya fi su gaskiya a ganina. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya tafi da shi Masar, ya yi karatu ya zama malami. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, suka haɗu a Tarabulus, ba da daɗewa ba ta rasu. Umar bai koma Kagara ba, a Rauta muka same shi yana karantar da almajirai. Watau marubucin ya gane cewa gidan Umar uwarsa ce, da ta rasu kuwa babu sauran inda za a koma. Wannan fahimta ce mai zurfi, ba kuma na raina ta. Amma ita ma ta kauce wa tambayata, domin an binne maganar ginin tun kafin ta taso.

Na huɗu shi ne Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970. (Abokaina 'yan Rogo, maƙwabtanmu, sun gaji da tsokana a kan wannan suna. Rogon ci ake nufi, ba garinsu ba.) Saurayi ya bar ƙauye ya tafi birni, birni ya zame masa abin da ido ke gani kamar maiƙo alhali babu ko ɗigo. Gargaɗin ya yi kyau, ya kuma dace da lokacinsa. Sai dai ƙauye a irin wannan zubi ya zama magani kawai, wurin da ake komawa a warke, ba wurin da yake da nasa ciwon ba.

Yanzu bari in gaya muku abin da na gani a Yammedi, don a san abin da nake cewa an bari a ƙasa.

Gidan kakanmu ginin tubali ne, da zaure, da shigifa, da turaka, da ɗakunan mata, da rumbuna biyu a tsakar gida. Rufin azara ne, watau tsagin giginya, wanda gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai a kwaɓa ƙasa da ciyawa a yaɓe, a gyara indararo, a shafe bango da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Aikin gayya ne, maza su kwaɓa, yara su yi ta jigilar ruwa, mata su dama kunu. Saboda haka gidan ƙasa ba a mallakarsa sau ɗaya, kowace shekara sai an sake mallakarsa da hannu. Wanda ke Jidda kuwa ba ya cikin gayyar. Dole kuɗinsa su zaɓi abin da ba ya bukatar hannunsa, bulo da siminti da kwano, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Amma ta waya aka yi gyaran. Bayan la'asar sai baffa ya kira ta WhatsApp, ƙanensa ya ɗaga waya yana zagayawa da ita lungu lungu, shi kuma daga can yana cewa a rushe nan, a ɗaga can. A fuskar waya zaure wani ɗan ɗaki ne mai duhu da ya tare hanyar mota. Waya ba ta nuna sanyinsa a watan Afrilu, ba ta nuna cewa nan yaran unguwa ke biya allo da dare, nan ake zaman makoki, nan baƙo ke tsayawa ba tare da ya ga cikin gida ba. Aka rushe shi aka kafa ƙofar ƙarfe. Yanzu mai sallama a rana yake tsayawa, da an buɗe ƙofar kuwa ana hango mata a bakin murhu, har sai da aka ɗinka buhuna aka rataya.

Ɗaki ɗaya ne ya gagara, na kakarmu. Baffa ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yarda ta riƙe wayar. Sai ta dube mu ta ce, "Ku gaya wa mutumin Jidda a bar mini ɗakina, nan aka kawo ni." Ya ce, "Inna, ai na siminti ya fi ƙarko." Ta ce, "Ku ce masa ni ma na yi ƙarko." Ɗakin yana nan, jan ƙasa a tsakiyar farin siminti.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne gado. Tun rasuwar kakanmu ba a raba gidan ba. Yanzu kuɗin mutum ɗaya sun hau kan filin magada tara. Gwaggonnina biyu da ke aure, ɗaya a Rogo ɗaya a Gwarzo, sun fara tambaya a kaikaice ko rabonsu yana nan ko siminti ya cinye shi. Ƙanen baffa, wanda ya yi shekara da shekaru yana yaɓen gidan da guminsa, yana ganin an mai da shi ɗan aike. Baffa kuma yana ganin ya ci kwakwa a ƙasar mutane ya aiko, ba a gode ba. Ba wanda ya ɗaga murya, amma gaisuwa ta gajarce.

To, 'yan'uwa, me ya rage a nan na ƙagaggen labari? Ga jigo, ga taurari, ga rikicin da kowane ɓangare yake da gaskiyarsa, wanda shi ne ya fi wuyar rubutawa, ya kuma fi daɗin karatu. Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne. Daga Ƙaraye zuwa Rogo da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga gidan da kuɗin Makka ko na Legas ko na Kumasi ya taɓa ba. Ba kuma sabon abu ba ne ga Bahaushe. Fataken goro sun yi ta zuwa Gwanja, wasu suka zauna suka kafa zango. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a suka yi gabas har suka kafa Mai Wurno a Sudan, kuma yaƙin da ya ɓarke a can a watan Afrilu na 2023 ya sake jefa wa mutanenmu da yawa tambayar ina ne gida.

Na san abin da wani zai ce. Littattafan 1934 sun gaji tatsuniya da hikayoyin Larabawa irin na Dare Dubu da Ɗaya, inda dawowa ke rufe labari, kuma gajerun littattafai ake nema a lokacin don 'yan makaranta. Gaskiya ne, ba kuma zan nemi Imam ya rubuta abin da ba shi ya sa gaba ba. Amma ina ganin akwai wani dalili. Duk huɗun maza ne suka rubuta, namiji kuwa a al'adarmu daga zaure zuwa waje ya sani. Shaidata ita ce Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, 1990. A can ɗaki da cefane da kwanon tuwo su ne fagen fama, kuma da aka kori Rabi da 'ya'yanta daga gidan Alhaji Abdu mun ji a jikinmu cewa gida abu ne da ake iya rasawa. Sai dai tauraruwarta mai zama ce, ba mai tafiya ba. Wanda nake jira daga cikinmu shi ne marubucin da zai haɗa hanyar Imam da tsakar gidan Balaraba, ya rubuta mana mutumin da ke gina wurin da ba ya kwana a ciki.

Da sallar da ta wuce baffa ya zo, karon farko tun da aka gama aikin. Daren farko ba wuta, kwano ya riƙe zafin rana, can tsakar dare muka ga ya fito da tabarma tsakar gida. Kashegari masu zuwa sannu da zuwa suka cika ƙofa, ba inda za a zaunar da su, sai a zauren maƙwabcinmu ya karɓi gaisuwa har kwana uku. Ana jibi zai koma ya kira magini ya tambaye shi nawa za a kashe a ta da zaure na tubali a gefen ƙofar. Magini ya ce masu iya wannan aikin a garin saura tsofaffi biyu, azara kuma sai an sayo daga nesa. Baffa ya ce a bari sai ya koma ya aiko.