Waƙar Samari da Goge Harshe: Abin Lura Daga Illela

Wanda duk ya saurari abin da samari da 'yan mata ke ji a wayoyinsu a Illela, ko a Birnin Ƙonni da ke ƙetaren iyaka, zai tarar waƙoƙin soyayya na su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker sun fi yawa. Muryoyin sumul suke, gama fiyano da na'urar gyaran murya sun share duk wani kaushi. Abin da ya kamata manazarci ya duba shi ne, ba murya kaɗai aka goge ba, har da harshe.

An taɓa yin irin wannan a Amurka. A 1955 da 1956 Pat Boone ya ɗauki waƙoƙin baƙar fata, na Fats Domino da na Little Richard, ya sake rera su cikin ladabi domin su shiga gidajen Turawa. Da aka ɗauki Elvis Presley soja a 1958, sai masu faifai suka fito da samari kyawawa irin su Frankie Avalon da Fabian, waɗanda fuska ta fi murya sayar da su. Kasuwa ta faɗaɗa, amma gishirin kiɗan ya ragu.

To, mutumin Illela da Sakkwatanci ya tashi. Yakan ce hwari, da shina, da munka, inda Bakano zai ce fari, da yana, da muka. Da irin wannan harshe Narambaɗa ya yi Bakandamiya, da shi kuma Ɗan Anace ya wasa 'yan dambe. Amma waƙar samari ta yau Kano da Kaduna ne matattararta, saboda haka yaron da ke son ya yi fice tilas ya karkata bakinsa gabas.

Lalle ba mu ce waƙoƙin nan banza ne ba. Makaɗan fada sarakuna suka yi wa, ba su kula da abin da ke zuciyar budurwa ba. Waɗannan kuwa sun kula. Sai dai idan yaro ya saba jin cewa ba a furta soyayya sai da Kananci, zai ɗauki harshen uwarsa a kan ƙauyanci. Wannan hasara ce babba.

Saboda haka muna roƙon malaman kwalejojin horon malamai su riƙa ajiye waƙa ɗaya ta Narambaɗa kusa da ɗaya ta zamani, ɗalibai su ƙirga da kansu abin da aka samu da abin da aka zubar.