Malaman da Ritaya Ba Ta Raba Su da Alli Ba

A Najeriya, dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malaman makaranta 65 na haihuwa, ko 40 na aiki. Amma ko bayan ritaya, da yawa cikinsu ba sa ajiye alli. Gidan da a da ake gadon koyarwa, yau 'ya'yansa sun koma banki, asibiti ko harkar kwamfuta, sai dattijon malamin gidan ya mayar da zaurensa aji. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma, ya riƙe hannun yaro har ya iya rubuta baƙi, ya zauna da mai shirin jarrabawar JAMB suna warware lissafi, sau da yawa ba ko sisi. Haƙurin nan abin jinjina ne, domin yaran da iyayensu ba su da kuɗin darasi, nan kaɗai suke samun mai duba littafinsu.