Kokawar Korau da Sanau: Asalin Katsina a Ƙagaggen Labari

Duk mai fita Katsina ta Ƙofar Kwaya ya nufi Dutsin-Ma, layin tsohuwar ganuwa yake ƙetarawa, ko da cunkoson ababen hawa ya hana shi lura. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar ya kai mil 13. Birni mai wannan girma ba ya rasa labarin asali, kuma na Katsina tun a bakin magabata ya samu tsarin ƙagaggen labari.

Ana cewa Kumayau, jikan Bayajida, shi ya kafa sarauta a Durɓi ta Kusheyi, zuriyarsa ta yi ta mulki har zuwa kan Sanau. Sai ga baƙo, Korau, ɗan kokawa daga 'Yandoto, ya ƙulla abota da Sanau. Ta hannun matar Sanau ya gano layar da ke hana a kai bayan sarki ƙasa, ya kayar da shi a gindin tsamiyar Bawada, ya yanka shi, ya hau gado. Ga abota, ga cin amana, ga mace mai riƙe da asirin miji. Takobin da ake kira Gajere da Gidan Korau kuwa suna nan, su ake nuna wa mai musu.

Abin mamaki, da rubutun zube na boko ya kankama, ba nan marubuta suka fara dosa ba. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, biyu daga cikin waɗanda suka yi fice, Abubakar Imam da yayansa Bello Kagara, malaman makaranta ne a Katsina. Amma Ganɗoki na Bello Kagara da yaƙin Turawa a ƙasar Kwantagora ya buɗe, kafin ya zarce duniyar aljannu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi fataucin bayi ta hamada. Dukansu zamanin da iyayensu suka gani da ido suka ɗauka, aka bar wa maroƙan fada zamanin kafa birni.

Masana tarihi ne suka waiwaye shi. A littafinsa na 1981 kan Katsina daga 1400 zuwa 1883, Yusufu Bala Usman ya nuna cewa ba jarumi ɗaya ne ya yi masarautar ba. Garuruwa ne da masu sana'o'i da baƙi suka haɗu a ƙarni na 15, Korau ya ɗinke manya irin su Durɓi da 'Yandaka da Gazobi ƙarƙashin inuwa guda. Haƙar da aka yi a kusheyin Durɓi a 1907 da 1992 ta ƙara wa zancen nauyi: an tono kayan ado na zinari da hauren giwa, da kwanon tagulla da ya fito daga Gabas ta Tsakiya. Ashe tun a wancan zamani ayari na sauka a wannan ƙasa.

A nan marubuci zai fi samun abin yi. Kokawar sarakuna shafi biyar za ta ci ta ƙare. Abin da zai riƙe littafi shi ne maƙerin da ya biyo tama ya kafa bukka, da Bawangaren da ya sauke kaya a wurin da Barth ya tarar ana kira Tudun Melle, da matar Sanau, wadda labarin baka ya yi aiki da ita ya watsar ba tare da ya tambayi dalilinta ba. Thomas Mofolo ya yi irin wannan aiki a littafinsa Chaka, cikin harshen Sesotho, tun 1925.

Akwai kuma ƙullin da ya fi kowanne wuyar warwarewa. Muhammadu Korau ake kira sarkin Katsina Musulmi na farko, alhali labarin hawansa cike yake da laya da tsamiyar tsafi. Mutumin da ya tashi cikin bautar iskoki, ya ƙare a birnin da malamai irin su Al-Maghili za su sauka, hasumiyar Gobarau ta tashi, ya isa a ba shi littafi guda, a ji yadda talakawansa suka rayu tsakanin addinai biyu.